Dala 300, Awa 210, Shekara 3: Lissafin Takardar CCNA Ga Ɗalibin Samaru

Dala 300 ne kuɗin zama jarrabawar CCNA, takardar shaidar da kamfanin Cisco na Amurka yake bai wa wanda ya iya haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, su kuma fita intanet. Farashin bai motsa ba tun ranar 24 ga Fabrairun 2020, lokacin da kamfanin ya tattara tsofaffin jarrabawoyinsa na wannan mataki ya mai da su guda ɗaya mai lamba 200-301. Naira ce ta motsa. A wancan watan dala tana wajen naira 360, wato jarrabawar ta kama 108,000. A watan Mayun 2023, gab da a saki farashin canji, dalar gwamnati tana kusan 460, jarrabawar ta koma 138,000 ga wanda ya iya samun dala a banki, su kuwa ba su da yawa. Daga farkon 2024 har cikin 2025 dala ta zauna tana kai-kawo a kusa da 1,500. Dala 300 ɗin nan ta zama naira 450,000, ban da haraji da abin da banki zai cire, kuma da wannan canjin za mu yi sauran lissafin.

Kuɗi ba ya bayyana nauyinsa sai an ɗora shi a kan abin da mutum ke samu. A 2020 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 30,000 ne, don haka jarrabawar albashin wata uku da rabi ce da ɗan ɗoriya. A farkon 2024, lokacin da dala ta riga ta tashi albashi kuma bai tashi ba, ta kai albashin wata 15 cif. Da aka mai da mafi ƙarancin albashi 70,000 a watan Yulin 2024, lissafin ya sauko zuwa wata shida da rabi. Ɗan bautar ƙasa da ya fara karɓar 77,000 a watan Maris na 2025 zai tara alawus ɗin kusan wata shida, idan bai ci ba bai sha ba bai hau mota ba. Ɗalibin da ke karɓar naira 20,000 na ɗawainiya a wata daga asusun lamunin karatu na NELFUND kuwa sai ya jera wata 22 da rabi.

A Amurka, inda aka saba yin wannan karatu a kwalejojin unguwa masu kwas na shekara biyu, mafi ƙarancin ladan aiki na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. Dala 300 a can aikin awa 41 ne, wato mako guda. Jarrabawa ɗaya, tambayoyi iri ɗaya, takarda ɗaya: mako guda a can, rabin shekara a nan. Duk shawarar da ɗalibinmu ya tsinto a YouTube, mai cewa "ka je ka gwada kawai, in ka faɗi ka sake," ta fito ne daga bakin wanda mako guda ya ishe shi. Cisco ta yarda wanda ya faɗi ya sake zama bayan kwana biyar, amma da sabon kuɗi cikakke. Faɗuwa sau ɗaya a Samaru na nufin naira 900,000 kafin takarda ta shigo hannu.

Ba mu da kwalejin unguwa irin tasu, amma muna da abin da ya yi kusa da ita. A harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai Cibiyar Fasahar Sadarwa ta Iya Abubakar, wadda aka sa wa sunan masanin lissafin nan da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, tana kuma ba da difloma a fannin kwamfuta. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ta gwamnatin jihar Kaduna, mai ƙaramar difloma ta shekara biyu da babbar difloma ta wasu shekara biyun. Ga kuma ƙananan cibiyoyi masu zaman kansu daga Samaru zuwa Kwangila har PZ, kowacce da allonta mai jerin kwasa-kwasai. A farkon 2024 Hukumar Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu, ɗaya daga ciki shi ne haɗa kwamfutoci da ajiyar bayanai a intanet. Wannan mataki ne mai kyau, kuma ya zo a makare. An daɗe ana yaye masu difloma da suka haddace matakai bakwai na tsarin OSI daga sama har ƙasa, amma ba su taɓa buɗe rauta, na'urar da ke kai saƙo daga wata hanyar sadarwa zuwa wata, sun ba ta umarni ko ɗaya ba.

Lamba ta biyu ita ce 210, kuma ita ce wadda aka fi tsallakewa. Makarantar Cisco ta koyar da netwokin, wadda aka kafa a 1997, ta raba karatun CCNA kwas uku: gabatarwa, sai suwic da rauta da haɗin da ba waya, sai manyan hanyoyin sadarwa na ma'aikatu da tsaronsu. Kowanne an ƙiyasta masa awa 70. Wanda ke ba karatun awa 10 a mako zai gama a mako 21, kusan wata biyar. Wanda ke haɗa shi da laccoci da sana'a, yana samun awa shida a mako, sai ya yi mako 35. Idan ka ga allo a bakin titi an rubuta za a koyar da CCNA a mako huɗu, ka raba 210 da huɗu: awa 52 a mako, fiye da aikin ma'aikacin gwamnati. Ko dai an zaftare karatun, ko kuma abin da za a koyar ba shi ba ne.

Abin farin ciki shi ne awannin nan ba su da tsada a karan kansu. Manhajar Packet Tracer, wadda ake gina hanyar sadarwa ta gwaji a cikinta, a jona rauta da suwic a allo a ba su umarni kamar na gaske, kyauta ce ga duk wanda ya yi rajista. Laftof mai cin wat 60, in ta yi awa 210, za ta sha abin da bai kai yunit 13 na lantarki ba. Ko da a farashin masu layin Band A, wanda ya haura naira 200 a yunit tun watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai 3,000 ba. Matsalar ba farashin wutar ba ce, samuwarta ce. A sa ƙaramin janareta mai shan kusan rabin lita a awa, awa 210 ta zama lita 105, a naira 900 kowace lita, farashin 2025, kuma ta tasam ma 95,000. Tsakanin 3,000 da 95,000 nan ne bambancin ɗalibin da ke kwana a cikin makaranta ko kusa da ɗakin karatu mai sola, da wanda ke haya a Hayin Dogo ko Bomo yana jiran a kawo wuta. Wanda ya zauna a Zariya a watan Oktoban 2024, lokacin da lalacewar manyan layukan lantarki ta jefa yawancin Arewa cikin duhu na kwana da kwanaki, ya san jadawalin karatu ba ya tsayawa inda aka ajiye shi. Data ma ta ƙara kuɗi tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kodayake wanda ya sauke darasi da manhaja sau ɗaya zai iya yin yawancin gwaje-gwajensa ba tare da ita ba.

Ita jarrabawar minti 120 ce. Tambayoyin sukan kai wajen ɗari, wato kowacce tana da abin da bai wuce minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma in ka wuce tambaya ba ka da damar komowa kanta. Cisco ta bayyana yadda ta raba makin: tushen netwokin kashi 20 cikin ɗari, shiga hanyar sadarwa kashi 20, haɗuwa ta adireshin IP kashi 25, hidimomin IP kashi 10, tushen tsaro kashi 15, sarrafa na'urori da manhaja kashi 10. A watan Agustan 2024 aka ɗan sabunta manhajar, aka sa 'yan batutuwa kan ƙirƙirarriyar basira, abin da ya tayar wa wasu ɗalibai hankali ba gaira ba dalili. A haɗa ukun farko: 20 da 20 da 25, kashi 65 ke nan. Kusan kashi biyu cikin uku na makin yana kan tsohon aiki, wato adireshi, suwic da rauta. Kuma a ƙarƙashin wannan kashi 65 akwai lissafi guda ɗaya wanda in ɗalibi bai iya shi da ka ba, minti ɗayan nan zai ƙare yana ƙirga da yatsa.

Bari in tsaya a kansa, don a nan ne ake gane wanda ya iya.

Duk wanda ya taɓa juya ƙaramar na'urar intanet ta gida ya ga an rubuta wani abu kamar 192.168.0.1 ko 192.168.8.1 a bayanta. Wannan adireshi ne, kuma kowace na'urar da ta hau layin sai an ba ta nata. Adireshin gida huɗu ne, kowane gida yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. A yadda aka saba saita ƙananan na'urorin nan, gida ukun farko sunan unguwar ne, na ƙarshe kaɗai ake rabawa. Daga 0 zuwa 255 lamba 256 ce. A cire ta farko, wadda ke tsaye a matsayin sunan layin gaba ɗaya, a cire ta ƙarshe, wadda ake aika wa kowa saƙo da ita, saura 254. Ita kanta rautar ta ɗauki ɗaya. Ga gida ko shago wannan ya isa har ya yi yawa.

To a kai shi cibiyar jarrabawar JAMB. Tun 2015 hukumar ta koma yin jarrabawarta kacokan a kwamfuta, kuma sharaɗinta ga cibiya shi ne kwamfuta 250 masu aiki, da ƙarin kashi 10 cikin ɗari na ko-ta-kwana, wato 25, dukkansu a jone da waya. Jimla 275, ba a ma sa saba, wato babbar kwamfutar ɗakin, ba. Adireshi 254 ba zai ɗauki kwamfuta 275 ba. Wanda ya saita ɗakin yadda ya saba saita na'urar gidansu zai ga layukan gaba sun hau lafiya, sai can wajen kujerun baya kwamfutoci ashirin da wani abu su ƙi. Zai canja waya, ya canja suwic, ya zargi mai sayar da kaya, alhali babu abin da ya lalace. Maganin layi ɗaya ne na umarni: a faɗaɗa unguwar daga abin da ake rubutawa /24 zuwa /23, adireshi su ninka su zama 512, a cire biyu, saura 510. Ko a raba ɗakin gida biyu, kowane da nasa layin, a sa rauta a tsakani. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa 24 ta ba da 254, 23 ta ba da 510, 26 kuma ta ba da 62, ya riga ya riƙe ƙashin bayan jarrabawar, ya kuma riƙe abin da zai sa mai cibiya ya ajiye lambar wayarsa.

Ɗakin nan yana da sauran lissafi, kuma duk aikin hannu ne. Suwic mai rami 24, in an bar rami ɗaya don haɗa shi da na sama, zai ɗauki kwamfuta 23, don haka ana buƙatar guda 12. Kwalin waya yana zuwa da mita 305. In kowace kwamfuta ta ci mita 20 a tsaka-tsaki, ana maganar mita 5,500, kwali 18 da 'yan kai. Kowace waya tana da kai biyu, wato kai 550 za a matse. A kowane kai sai an feɗe rigar wayar, a warware silli takwas da suka zo a murɗe bibbiyu, a miƙe su da yatsa, a jera su a tsarinsu: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A yanke bakinsu daidai, a tura cikin kan roba har tagullar ta taɓo ƙarshe, a danna matsi a ji ya yi ƙas. Silli ɗaya ya kauce, fitilar abin gwaji za ta tsallake lamba, sai a yanke a sake. Waya ɗaya kuma kada ta wuce mita 100, in ta wuce saƙo ya fara zuba a hanya. Na ga yaro ɗan koyo yana ta juya kai ɗaya a hannu, maigidansa ya leƙo ya ce, "Kai, duba koren nan, ka haɗa su wuri guda. Shuɗi ne ke shiga tsakaninsu." Yaron ya ce, "To, Oga," ya yanke ya sake. Packet Tracer ba ta koyar da wannan, jarrabawar ma ba za ta ba ka matsi a hannu ba, amma shi ne aikin da ake fara biyan mutum a kansa a Sabon Gari.

Lamba ta uku ita ce 3. Takardar CCNA shekara uku take yi ta mutu. Kafin wa'adin ya cika sai mai ita ya sake zama jarrabawar, ko ya ci wata ta gaba da ita, ko ya tara maki 30 na ci gaba da karatu a tsarin Cisco. Wannan ya bambanta ta da difloma ko digiri, waɗanda in an ba ka an ba ka ke nan. Ta fi kama da hayar shago: ka biya shekara uku a dunƙule, kuma kwanakin suna tafiya ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. A raba 450,000 da wata 36, kowane wata ya kama naira 12,500. Duk watan da takardar ta kwana a cikin jaka ba ta jawo aiki ko ƙarin albashi ba, 12,500 ta tafi.

Saboda haka lokacin zama jarrabawar ya fi ƙarfin a bar shi ga zumuɗi. Ɗauki ɗalibin foli da ya zauna ta a ƙarshen shekararsa ta farko. Shekara ta biyu ta ƙaramar difloma ta ci ɗaya. Shekarar sanin makamar aiki da ake yi kafin babbar difloma ta ci ta biyu. Shekarar farko ta babbar difloma ta ci ta uku. Takardar ta mutu yana da sauran shekara guda a aji da shekara guda ta bautar ƙasa. Ɗalibin jami'a da ya zauna ta a aji biyu haka zai same shi, ba a ma sa yajin aiki a lissafi ba, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. A ganina lokaci biyu ne suka dace: ko dai gab da fita shekarar sanin makamar aiki, ga wanda ya ƙuduri neman gurbi a kamfanin sadarwa ko banki yana so takardar ta buɗe masa ƙofa, ko kuma a shekarar ƙarshe, yadda za ta raka shi bautar ƙasa ta kuma rage masa shekara biyu na neman aiki. Karatun kansa a fara shi tun ranar farko. Takardar ce ake jinkirtawa.

Akwai hanyar rage kuɗin, kuma abin takaici ne yadda ɗalibai da yawa ba su san da ita ba. Wanda ya yi kwasa-kwasan nan a makarantar da ke da rajista da Cisco, a hannun malami, ya kuma ci kashi 70 cikin ɗari a zaman farko na jarrabawar ƙarshe ta kwas na uku, yakan samu takardar ragi da ta haura rabin kuɗin. Wato 450,000 ta sauko ƙasa da 225,000. A ajin mutum 40, bambancin ya haura naira miliyan tara. Wannan kuɗi ne da makaranta za ta iya ajiye wa iyayen yara ba tare da ta ciro ko kwabo daga asusunta ba, in dai ta riƙe rajistarta da rai, ta tura malamanta horo, ta kuma saka kwasa-kwasan uku a cikin zangunan difloma maimakon ta mai da su wani kwas na daban da ake biya a gefe.

Ba Cisco kaɗai ke ba da takarda ba. Ita kanta ta fito da wata ƙarama a 2023, CCST, a dala 125, kimanin naira 187,500, wadda ta dace da mai fara aikin taimaka wa ma'aikata a ofis. Kamfanin Huawei na Sin yana da HCIA a dala 200, wato 300,000, ita ma shekara uku take yi. A Samaru wannan ba baƙuwa ba ce: Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar Huawei, ɗalibanta kuma sun sha wakiltar Nijeriya a gasar fasahar sadarwa ta kamfanin, har sun dawo da kyaututtuka daga zagayen ƙarshe na duniya. Kayan Huawei sun cika hasumiyoyin kamfanonin wayarmu, don haka takardar tana da kasuwa. Su kuwa masu ƙananan kamfanonin intanet da masu sayar da hotspot a unguwannin ɗalibai, yawancinsu rautar MikroTik suke ɗaurawa, ta ƙasar Latbiya, don ta fi araha nesa ba kusa ba. Umarnin kowane kamfani daban ne, amma 254 ɗin nan ɗaya ce a dukkansu.

Sai alƙaluman da ake jawo ɗalibai da su, waɗanda ke buƙatar a karanta su a tsanake. Cisco ta ce sama da mutum miliyan 20 sun bi ta makarantarta tun 1997, a ƙasashe kusan 190. Wannan ƙidayar waɗanda suka yi rajistar wani kwas ce, har da gajerun kwasa-kwasai na 'yan awanni, ba ƙidayar masu takardar CCNA ba. Haka alƙaluman NCC. A ƙarshen 2023 layukan waya masu aiki sun kai miliyan 224, a ƙarshen 2024 suka koma wajen miliyan 165. Ba mutum miliyan sittin ne suka jefar da wayoyinsu ba, tankaɗe aka yi: an rufe layukan da ba a haɗa da lambar NIN ba, an kuma cire waɗanda ake ƙirgawa alhali sun daɗe ba sa aiki. Intanet mai sauri kuma an ce ta kai kashi 44 cikin ɗari a ƙarshen 2024, alhali shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kashi 70. Lambar ana samunta ne ta raba yawan layuka da yawan jama'a, don haka mai layi biyu an ƙirga shi sau biyu, kuma kusan dukkansu layukan wayar hannu ne.

Wannan na ƙarshen shi ya shafi mai neman aiki. Ƙarin layin waya miliyan ɗaya ba ya buƙatar ko mutum ɗaya ya matse kan waya a Zariya. Abin da ke samar wa mai netwokin aiki a nan shi ne gini mai kwamfutoci da yawa a ciki, kuma ta wannan fuska garin ya yi sa'a fiye da girmansa: harabar jami'a a Samaru da ta Kongo, asibitin koyarwa a Shika, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, cibiyar fasahar sufuri da ta binciken sinadarai a Basawa, cibiyar binciken aikin gona, tsohuwar kwalejin ilimi da ta zama jami'a, bankunan PZ, otal-otal, makarantu masu zaman kansu. Ga cibiyoyin jarrabawa: masu zama JAMB sun kai kusan miliyan biyu a shekara, WAEC ta fara gwada kwamfuta da ɗalibai masu zaman kansu a 2024, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta ce tana so WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. Ko rabin wannan buri aka cimma, ɗakuna masu kwamfuta 275 za su ƙaru a kowace ƙaramar hukuma, kowanne da suwic ɗinsa 12 da kawunan waya 550 da ƙurar hunturu ke shiga.

Akwai kuma faiba, wato wayar intanet ta zaren gilashi. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin su MainOne na 2010 da Equiano na 2022, a Legas suke sauka, sai an ja su ɗaruruwan kilomita kafin su iso mana. Gwamnatin tarayya ta ce ƙasar tana da kusan kilomita 35,000 na faiba, tana so ta ƙara 90,000 su zama 125,000. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin haƙa hanyar waya tun 2020, lokacin da jihohi suka amince da naira 145 a kowace mita. NCC kuma ta ce a 2025 ana samun yankewar faiba sama da dubu a mako, yawanci daga masu aikin hanya da ɓarayi. Kowace yankewa sai mutum ya je da na'urar haɗa zaren gilashi ya durƙusa a rami ya gyara. Wannan sana'a ce da CCNA ba ta koyarwa, kuma ɗalibin da ya yi wata huɗunsa na SIWES, wato horon aiki da ake tura ɗalibai, a bayan masu wannan aiki ya ƙara wa kansa hannu na biyu. Ranar 14 ga Maris na 2024, da wayoyin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka tsaya, masu POS suka zauna jugum, an ga ma'aikatun da ke da layi na biyu da mutumin da ya iya karkatar da hanya zuwa gare shi, an kuma ga waɗanda ba su da shi.

Tsadar jarrabawar ta haifar da wata ɓarna da ba zan wuce ban ambata ba. Tsoron asarar 450,000 yana tura ɗalibai ga haddace tarin tsofaffin tambayoyi da ake yawo da su a WhatsApp da Telegram. Na fahimci tsoron. Amma Cisco tana soke takardar wanda ta kama, kuma ko ba a kama shi ba, mai ɗaukar aiki ba ya buƙatar fiye da minti biyar: ya tura masa laftof da kebul, ya ce ga suwic nan, raba mini ma'aikatan kuɗi da baƙi kada su ga juna. Wanda ya yi awanninsa 210 zai ja kujera ya fara bugawa. Wanda ya haddace amsoshi ya biya rabin shekarar albashi ya sayi kunya.

Don haka kafin uba ya sayar da buhunan masara, ko uwa ta ɗauki adashinta, a biya wa yaro kuɗin kwas a kowace cibiya tsakanin Samaru da Sabon Gari, akwai tambayoyin da amsarsu lamba ce, kuma mai cibiyar ya san ta. Awa nawa ne kwas ɗin gaba ɗaya, kuma nawa daga ciki ne a gaban na'ura? Suwic da rauta na gaske nawa ne a ɗakin, ɗalibi nawa ne kuma ke rabon kowanne? Awa nawa ake samun wuta a rana, da me ake cike giɓin? Cibiyar tana da rajistar da za ta kai ɗalibi ga takardar ragi? Sannan a cikin waɗanda suka gama bara, mutum nawa ne suka je suka zauna jarrabawar, nawa ne suka ci?